Alli da Makirfo: Shirin da Ɗalibi Zai Fara Tun Yana Aji Biyu

Akwai wata safiya da ba na mantawa da ita a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a nan Bauchi. Wani saurayi ya yi sallama, kaftani ya sha guga, fayil a hammata, ya ce aiki yake nema. Editanmu dattijo ne marar yawan magana. Bai ko buɗe fayil ɗin ba. Ya jawo wata sanarwar manema labarai ta Turanci da ta kwana a kan tebur, ya haɗa masa da biro ya ce, "Malam, mayar mini da wannan labarin minti ɗaya da Hausa." Sai da aka yi rabin sa'a yaron ya dawo da shafi uku. Babu kalmar da bai fassara ba, har jerin manyan baƙi da muƙamansu. Ainihin labarin kuwa, wato an ƙara wa manoma masu neman taki wa'adin rajista, yana can ƙasa a layin ƙarshe. Dattijo ya karanta, ya ajiye, ya ce, "To madalla, za mu neme ka." Duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar wannan.

Ni ma an taɓa yi mini irinta, amma a makaranta. Na kai takarduna wata makarantar kuɗi, shugabar ta dubi agogo ta ce, "Malamin lissafin aji ɗaya bai zo ba, ga alli." Minti arba'in na yi ina hira da allo, yara suna kallon ƙeyata.

Takarda tana kai mutum bakin ƙofa, wannan ba a musu. Amma a aikin jarida da koyarwa, wanda zai ɗauke ka yana son ya ga hannunka nan take, cikin minti goma. Kuma abu ɗaya suke gwadawa: ka san abu, za ka iya sa wanda bai sani ba ya gane? Shi ya sa na haɗa sana'o'in biyu a jagora ɗaya. Dama can tare suke tafe. Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk sun riƙe alli a Midil ta Bauchi kafin duniya ta san muryarsu. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, amma ƙanwata, da ke ma nake.

Mataki na farko: ka san takardar da kowace ƙofa ke nema

A ɓangaren koyarwa magana a fayyace take. NCE, wato takardar kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da ake koyarwa da ita a Najeriya. Wanda ya yi digirin ilimi ya riga ya shiga layi. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai zalla, ko tattalin arziki, ko ma aikin jaridar, yana buƙatar ya ɗora da PGDE, wato babbar difloma ta koyarwa, galibi shekara guda. Jami'o'i na yin ta, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi kuma tsarinta ya dace da wanda ke aiki a ranakun mako.

Bayan wannan sai rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don yi wa malamai rajista. Ana rubuta jarrabawarta a kwamfuta, kuma ta kasa malamai gida huɗu: D na masu NCE, C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. Shawarata, tun kana ajin ƙarshe ka je ofishin tsangayarku ka tambayi yadda ake shirya wa ɗalibai jarrabawar. Idan ka bari sai an buɗe ɗaukar ma'aikata, za ka tarar ana neman lambar TRCN a fom, ga wa'adi ya ƙure. Kuma idan ba ka saba da linzamin kwamfuta ba, ka je shago ka biya kuɗin awa biyu ka koya. Na ga gwanin aji da ya sha gumi a gaban allon kwamfuta saboda wannan kawai.

Aikin jarida ƙofarsa ta fi faɗi. Karatun sadarwa yana taimako, kuma ana yin sa kusa da mu, misali a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. A 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta rarraba kwas ɗin sadarwa zuwa fannoni bakwai, ciki har da jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla da fim, don haka mai shiga yanzu ya duba da kyau wanne yake zaɓa. Amma kada wanda ya karanta noma a jami'ar ATBU ta Bauchi, ko lissafin kuɗi a jami'ar Gaɗau ko ta Kashere, ya ɗauka an rufe masa. Ɗakunan labarai cike suke da masu iya ɗauko labarin siyasa. Wanda zai buɗe kasafin kuɗin jiha ya gane abin da aka ware da abin da aka saki, ko ya san dalilin da tsutsa ke cin masara, shi ne ake nema da fitila.

Mataki na biyu: harshe, kuma nan ne mafi yawa ke faɗuwa

Muna ɗauka tunda da Hausa muka tashi, mun iya rubuta ta. Ba haka ba ne. Ka ɗauki saƙon da ka tura jiya a WhatsApp ka duba. "Bata zo ba" ka rubuta ko "ba ta zo ba"? Ka bambanta "a kan tebur" da "akan yi ruwa a Agusta"? Baki da baƙi, kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, bari da ɓari: lanƙwasar nan ba ado ba ce. Mai karanta labarai yana gudu da ido a kan takarda, idan ka rubuta masa "baki sun iso" zai yi tuntuɓe a iska, kuma kai za a nema. Ka shiga saitin wayarka yau ka ƙara Hausa a madannin Gboard, haruffa masu lanƙwasa suna nan ciki. Daga nan ka daina yi wa kanka rangwame ko a hira da abokai.

Sai fassara. Yawancin abin da ke shigowa ɗakin labarai da Turanci yake zuwa, littattafan makaranta ma haka. Cutar da ke kama sabon shiga ita ce bin kalma da kalma. Shi ya sa kake jin "taron ya ɗauki wuri a Gombe". Wane wuri ya ɗauka, ya kai ina? An yi taro a Gombe, shi ke nan. Dabarar da aka koya mini ita ce: karanta takardar sau biyu, kife ta, sannan ka faɗa wa wani abin da ta ce kamar kana ba kakarka labari. Abin da ya fito daga bakinka shi za ka rubuta. Bayan nan ka buɗe takardar ka duba sunaye da alƙaluma. Alƙaluman nan ka bi su da yatsa. Tsakanin miliyan da biliyan harafi ɗaya ne a rubutu, amma ninki dubu ne a aljihun gwamnati.

Ga aikin da nake so ka ɗora wa kanka, minti talatin kullum. Ka saurari labaran safe na tasha biyu, ɗaya ta gida kamar BRC ko Globe FM ko Albarka, ɗaya ta waje kamar BBC Hausa, wadda ke watsa shiri tun 1957. Ka lura da yadda kowacce ta buɗe labari ɗaya. Sannan ka ɗauki labari guda daga jaridar Turanci ka mayar da shi Hausa, ka karanta da ƙarfi kana duba agogo. Yawancinmu ba ma wuce kalma 150 a minti. Washegari ka juya, ka ɗauko daga jaridar Aminiya ka mayar Turanci. Wata uku a haka, kai da kanka za ka ji bambanci.

Turancin ma kada ka raina shi. Malamin da ke rubuta kuskure a allo, yara saba'in ne za su kwafe shi su kai gida. Idan kuma kana jin Fulatanci, ko Jaranci, ko Sayanci, ko Tangale, ko Tera, ka rubuta a takardar neman aikinka da manyan baƙi. Tashoshin jiha suna da shirye-shirye a harsunan gida, kuma a ƙauye harshen uwa ne ke buɗe bakin da makirfo ya rufe.

Mataki na uku: ka fara tara abin nunawa

Kada ka jira kayan aiki. Wayar hannunka ta isa. Ranar Asabar ka shiga kasuwar Muda Lawal ko Wunti ka tambayi mutum biyar abu ɗaya, misali yadda kuɗin mota ya shafi farashin tumatir. Ka fara da sallama da gaisuwa, ka faɗi ko kai wane ne da inda muryar za ta je. Dattijo "Baba" ne, dattijuwa "Mama" ko "Hajiya", kuma wanda ya ce ba ya so, ka yi godiya ka wuce. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse naɗin. Ka juya wa janareto da injin markaɗe baya, ka riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Kafin ka bar wurin ka sa abin kunne ka saurara. Ni na taɓa yin hira mai daɗi da wata mai sayar da daddawa, na isa gida na tarar iskar hunturu kaɗai na naɗo.

A gida ka tace muryar da Audacity idan kana da kwamfuta, kyauta ce, ko CapCut a waya. Ka haɗa rahoton minti biyu. Na farko zai yi muni, ka ajiye shi duk da haka. Kafin ka gama makaranta ka nufi samun rahoton murya biyar masu kyau, rubutattun labarai goma, da ɗan bidiyo biyu ko uku, duk a wuri ɗaya a Google Drive yadda za ka tura da dannawa ɗaya. Ka gwada aika rubutu ga jaridun intanet. Idan suka buga da sunanka, ya fi duk wata wasiƙar yabo.

Mai son koyarwa shi ma yana da nasa fayil. Ka nemi yaran unguwa biyar ko shida, ko ka roƙi aji a Islamiyyar yamma, ka riƙa koyar da su da tsari, ba wai taya su aikin gida ba. Ka rubuta tsarin kowane darasi, ka ajiye. Ka gwada su a farkon wata, ka sake gwada su a ƙarshe, ka riƙe sakamakon. Ranar da shugaban makaranta ya ce "ka taɓa koyarwa?", sai ka buɗe masa littafi maimakon rantsuwa.

Mataki na huɗu: SIWES da TP ba hutu ba ne

Ɗaliban sadarwa na fita sanin makamar aiki ƙarƙashin SIWES, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi. Ɗaliban ilimi kuma na fita koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP. Da yawa suna neman inda za a sa musu hannu a littafi ba tare da sun zo ba. Wannan cin bashin da za a biya da tsada ne.

Wajen zaɓen gidan jarida, ba girman suna za ka duba ba. Tambayi waɗanda suka riga ka: ana barin ɗalibi ya fita ɗauko rahoto? Ana ba shi fassara? Ƙaramar tasha mai ƙarancin ma'aikata takan fi koyar da mutum, don dole ta sa su ba ka aiki. Ka riga kowa zuwa. Ka halarci taron editoci na safe ko da a tsaye ne a bayan ƙofa, kuma kullum ka zo da shawarar labari guda a aljihu: kwalbatin da ya toshe a Fadaman Mada, layin ruwa a unguwarku, asibitin da aka gyara. Ka liƙe wa ɗan rahoto ɗaya, ka riƙe masa jaka, ka ga yadda yake tambaya. Ka yi abota da mai kula da na'urori a sutudiyo, shi zai nuna maka abin da ba a koyarwa a aji. Idan edita ya yi wa rubutunka kaca-kaca da jan biro, kada ka yaga. Ka jera nasa da naka ka gano abin da ya cire da dalili.

Ginin labari kuwa ga yadda yake. Jimlar farko ta ɗauki abin da ya faru da wanda ya shafa. Sauran amsoshin, a ina, yaushe, don me, ta yaya, su biyo baya, mafi muhimmanci a sama, yadda ko an yanke ƙarshen saboda lokaci ba a yi asara ba. Kowace magana a jingina ta ga mai ita. Idan labari ya taɓa wani, sai an ji ta bakinsa, in ya ƙi magana a faɗi cewa an neme shi. Hoton da aka turo maka a WhatsApp ka bincike shi da Google Lens kafin ka yarda, sau da yawa tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Shafukan tantance labari irin su Dubawa suna nuna yadda ake wannan aikin daki-daki.

A TP kuma, makon farko ka roƙi malamin da aka haɗa ka da shi ya bar ka ka zauna a bayan aji. Ka karɓi jadawalin zango ka ga inda aka tsaya. Ka koyi cika rajista da littafin da ake rubuta abin da aka koyar kowane mako, don su ne abin da mai duba makarantu ke fara buɗewa. Tsarin darasinka ya ƙunshi aji, batu, tsawon lokaci, manufa, kayan koyarwa, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, matakai, auna fahimta da aikin gida. A cikinsu duka manufa ce uwa. Kada ka rubuta "yara su fahimci ɓangare". Ta yaya za ka ga fahimta? Rubuta "yara su iya raba abu gida uku su nuna sulusi". Wannan ana gani da ido.

Bari in tsaya kan wannan darasin, don shi ya gyara mini koyarwa. Bayan kunyar da na sha, wani tsohon malami ya ce in zo in ga nasa. Ya shigo aji da karan dawa guda uku a hannu. Bai rubuta komai ba tukuna. Ya kira yara biyu ya ce su raba kara ɗaya daidai wa daida, aji ya kaure da gardama a kan wa aka cuta. Ya kira uku, sannan huɗu. Ya tambaye su sunan kason kowa, wani yaro daga baya ya ce "sulusi", don ya ji a Islamiyya. Sai a lokacin malam ya juya ya rubuta ɗaya bisa uku a allo. Cikin minti arba'in bai yi maganar minti goma sha biyar ba, yaran ne suka yi sauran. Bai sayi komai ba, bai ɗaga murya ba, bulalarsa ma ban gan ta ba.

Aji mai cunkoso yana da dabarunsa. Ka haddace sunaye, ka fara da na masu surutu. Kada ka kafe a gaban allo, ka riƙa ratsa layuka. Ka jefa tambaya, ka ɗan yi shiru, sannan ka kira suna, don kowa ya yi tunani. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, duk za su amsa "eee" ko ba su ji ba. Ka ba su aiki guda biyu a ƙarshe ka zagaya ka leƙa littattafai. Kuma ka lura da 'yan matan da ke can gefe sun yi shiru, sau da yawa amsar tana bakinsu.

Mataki na biyar: doka da amana

Ɗan jarida ya san sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin 1999: ɗaya ya ɗora wa kafafen labarai bin diddigin gwamnati, ɗaya ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki. Ya san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ya kuma san ɗaya gefen: ƙarar ɓata suna, ƙa'idojin hukumar NBC ga rediyo da talabijin, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Abin da ka wallafa a Facebook ɗinka bai fita daga wannan ba. Wanda 'yan sanda suka kama "wanda ake zargi" ne har sai kotu ta yanke hukunci, ba "ɓarawo" ba. Yaron da aka ci zarafinsa ba a faɗin sunansa, ba a nuna fuskarsa, ba a kwatanta gidansu. Labarin rikicin ƙabila ko addini kuwa, a jihohi irin namu, kada sabon shiga ya sake shi ba tare da edita ya gani ba.

Sai maganar ambulan. Za a gama taron manema labarai, wani ya zagayo da "kuɗin mota". Za ka ga manya suna karɓa, aljihunka kuma babu ko na acaɓa. Ba zan yi maka wa'azin da ban san zafinsa ba, albashi a gidaje da yawa ba ya kai wata, wani wurin ma ba ya zuwa a kan kari. Amma ka san abin da ake saya. Ranar da labarin mai ambulan ya zo da wari, hannunka ne zai yi nauyi. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana karɓar irin wannan. Mafitar da na ga ta yi aiki ita ce mutum ya sami halastacciyar hanyar shiga ta biyu: fassara, naɗar murya, tace bidiyo, ko koyarwar yamma.

Malami ma yana da tasa ambulan. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO wani zai ce a "taimaka wa yara". Uba zai zo da buhun masara a gyara sakamako. Wanda ya fara da wannan ya gama zubar da girmansa a idon yaran da suka gani. Ga kuma ƙa'idar da ba ta da togiya: kada ka keɓe da ɗaliba ko ɗalibi a rufaffen ɗaki, kada ka riƙa hira da su a waya da dare.

Mataki na shida: shekarar bautar ƙasa

Wanda ya gama kafin ya haura shekara 30 zai tafi NYSC, galibi wata jiha, kamar yadda ake kawo mana baƙi sansanin Wailo a ƙaramar hukumar Ganjuwa. A mako ukun sansani akwai rediyon cikin gida da ake kira OBS. Ka je gwajinsu tun kwanakin farko, wuri ne na saba wa makirfo a gaban dubban mutane. Da yawan masu bautar ƙasa makarantu ake tura su. Mai son koyarwa ya samu shekara guda ta gwaji kyauta. Mai son jarida kada ya yi fushi, ya koyar da safe, ya shiga rukunin yaɗa labarai na hidimar al'umma, ya riƙa rubuto rahoto daga garin da yake. Daga alawus ɗin, wanda ya koma naira 77,000 a 2025, ka riƙa cire wani abu don kuɗin PGDE ko ƙaramin makirfo mai maƙalawa a riga.

Mataki na bakwai: neman aikin kansa

Firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati suna hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, babbar sakandare kuma hukumar kula da malamai ta jiha. Makarantun tarayya irin na Azare da Bauchi da Billiri da Bajoga ta hannun gwamnatin tarayya ake shiga. Aikin gwamnati yana da fansho, kuma dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sai dai ba kullum ake ɗauka ba, don haka mafi yawa daga makarantar kuɗi suke farawa. Kafin ka karɓi alli a can, ka nemi takardar ɗauka a rubuce, ka tambaya ƙarara: nawa ne albashi, ran nawa ake biya, ana biyan watannin hutu, darasi nawa ne a mako? Kunyar tambaya ce ke sa mutum ya ƙare da darussa biyar a kan albashin ɗaya. Idan aka tura ka ƙauye a Ningi ko Toro ko Dukku, kada ka fara da neman sauyi. Can ne ake ganin aikin sabon malami da wuri.

A jarida, gurbi ba kasafai ake tallata shi ba. Wanda ya yi SIWES da kyau, ya ci gaba da leƙowa, shi ake tunawa idan wani ya tafi. Amma aikin sa-kai a sa masa wa'adi. Ka ce da edita, "Ranka ya daɗe, zan yi wata uku, daga nan mu zauna." Na san waɗanda suka shekara uku suna karanta labarai ba ko sisi. Ka leƙa sakatariyar NUJ ta jiha, ƙungiyar 'yan jarida da ke nan tun 1955, ka ji sharuɗɗan zama mamba da sanarwar bita. Ke kuma ƙanwata, akwai NAWOJ ta mata 'yan jarida. Ki kuma tattauna da gida tun da wuri kan aikin dare da tafiye-tafiye, ki tambayi tasha ko tana mayar da ma'aikata gida bayan labaran dare.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi a gwamnati, ka riƙe kuɗinka. Takardun ɗauka na bogi sun jefa mutane da yawa cikin asara, wasu har da tuhuma.

Ranar ganawa, takardar tarihin karatu da aikinka kada ta wuce shafi biyu, da lambar waya mai shiga da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Ka share abin kunya daga shafukanka tun kafin ranar, don ana dubawa. Mai neman jarida ya saurari labaran tashar na safiyar, ya san sunayen shirye-shiryenta, ya zo da shawarar labari biyu da rahotanninsa a waya, ya sa ran za a ba shi fassara ko a tura shi sutudiyo. Mai neman koyarwa ya zo da darasin minti goma da ya riga ya gwada a kan yaran unguwa, tsarinsa a rubuce kwafi biyu, kayan koyarwa a leda, da allinsa ko makar rubutu a farin allo a aljihu, don wani lokaci za ka shiga ajin ka tarar babu.